Ƙyauren Ɗakinmu da Gasar Jita

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi haƙuri idan kika ga rubutun ya karkace. Tun kafin in zaro biro Kawu yake tsaye a bakin ɗaki yana yi mini bayanin bambancin busasshen katako da ɗanye, kuma da alama bai kai rabi ba. Ina gyaɗa masa kai ina rubutu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana su, ya sa gwiwar nan taki ta daina damun ki. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ciwon baya, tana shan maganinta ranar da ta ga dama, kuma kullum sai ta tambaye ni labarinki kamar ni na ɓoye ki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, ƙannenmu Dogo da Auta ba sa magana saboda rumfar aikin nan ta bayan gida. Dogo ya ce shi ne kafinta, shi ya gaji sana'ar. Auta ya ce shi ma ba tsinto shi aka yi ba, kuma yana buƙatar wurin jibge rediyoyi da fankokin da yake gyarawa. Sai su zauna a falo gwiwa na gogar gwiwa, Dogo ya juyo ya ce in gaya wa wancan ya miƙo ruwa. Na gaji da zama gidan waya. To ni da kuke kira Farfesa, sai na yi abin da masu karatu suka saba yi idan matsala ta fi ƙarfinsu, wato na shirya taro. Na tuna jitar gwangwani da Baba ya taɓa haɗa musu suna yara, na ce a yi gasar haɗa jita, ta wasa da dariya. Doka ɗaya na kafa, saboda kowa ya san halin aljihunsa: tsirkiya kaɗai za a saya, sauran komai daga tarkacen gida. Kyautar wanda ya ci kuwa tafi. Har ina yaba wa kaina, wai zan shirya ƙannena in kuma rage shirgin da ya cika sito.

Da farko abin ya yi armashi. Telan layinmu ya shiga. Maigidana ma ya shiga, ya fita da kansa bayan ya manne yatsunsa da gam. Kuskuren da na tafka shi ne naɗa Kawu alƙali, don ya taɓa kaɗa jita a zamanin samartaka, abin da bai taɓa barin kowa ya manta ba. Shi ne ya tara su ya ce sirrin jita yana a katakon fuskarta, fuskar kuma sai tsohon katako da ya bushe ƙayau, kuma ba a gane shi da ido. Sai an ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa an kara kunne.

Yaya, tun daga ranar gidan nan bai sake hutawa ba. Manyan maza masu gemu suna zagaye suna ƙwanƙwasa tebur, gado, kabad, benci, har allon da Inna take yanka albasa a kai, kowa ya lumshe ido kamar likita yana sauraren ƙirji. Inna ta yi ta amsawa da a shigo har muryarta ta dushe, daga baya ta daina amsawa gaba ɗaya. Ranar da Goggo ta zo da gaske ta ƙwanƙwasa, ba wanda ya kula ta. Ta gaji da tsayuwa ta koma gida, har yau tana gaya wa dangi mun yi arziki mun daina buɗe ƙofa. Daga nan kaya suka fara ɓacewa. Na jawo durowar kicin, cokula suka zubo mini a ƙafa, ashe gindinta ya zama bayan jitar Auta. Maigidana ya gano an zare wayar birkin kekensa a daidai gangaren nan na bakin titi, ya dawo da tsinken ciyawa a gashi. Duk wanda na tambaya sai ya tuna mini, cikin ladabi, cewa ni na ce daga gida.

Duk wannan na shanye. Sai ƙwanƙwasar ta iso ƙyauren ɗakinmu, ni da ke. Kin san shi, mai kaurin nan da Baba ya yi da hannunsa, wanda yake tsayar da mu a jikinsa ya ja layin tsayinmu da ƙusa. Layinki yana nan, nawa yana nan a samansa, wanda har gobe kike cewa ɗage na yi. Na Dogo da na Auta suna ƙasa, da ɗan zanen kifi da Baba ya yi wa Auta ranar da ya ƙi tsayawa. Kawu ya ƙwanƙwasa shi, ya kasa kunne, ya ce rabonsa da jin amo irin wannan tun yana da gashi a ka.

Shekaranjiya na biyo ta gidan Inna daga aiki da la'asar, na tarar ɗakinmu a hangame, ƙyauren kuma yana kwance a kan benci biyu a tsakar gida. Dogo ya sunkuya da fensir yana zana ƙugun jita. Wanda ya riƙe masa ɗaya bakin awon kuwa Auta ne. Suna magana, Yaya, da bakinsu, ba ta bakina ba. Ƙyauren ya yi wa mutum ɗaya nauyi, kuma ƙarafan da ke riƙe da shi sun yi tsatsa, dole ɗaya ya tallabe ɗaya ya kwance. A haka suka yanke cewa za su raba shi biyu, kuma Auta zai yi aikinsa a gefe guda na rumfar. Da kunnena na ji Dogo ya kira shi ɗan kifi, sunan da ba wanda ya furta tun bayan Baba. Zanen fensirin kuma ya ratsa ta tsakiyar layinki.

Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallon abin da na daɗe ina roƙon Allah da abin da ba zan taɓa yarda da shi ba, a kan benci ɗaya. Ban ɗaga murya ba. Na ce ƙyauren na Yaya ne tunda ita ce babba, kuma zarto ba zai taɓa shi ba sai da izininta. Suka mayar da shi tare, suna huci tare. Tun daga lokacin ba a raba su. Yanzu haka suna rumfa suna shan shayi suna nazarin halina. Auta ya ce boko ya busar mini da zuciya, Dogo ya ce ai da za a ƙwanƙwasa ta, sai ta fi ƙyauren amo. Na ji dariyarsu har nan. Inna ma ta ji, ta leƙo ta ce mini ko me na yi musu in ci gaba da yi.

Saboda haka ga roƙona. Za su kira ki, za su kuma haɗa ki da Kawu, Allah ya ba ki haƙuri. Kada ki ce e, don ƙyauren zai tafi, da rubutun ƙusar Baba a jikinsa. Kada kuma ki ce a'a, don ranar da suka fid da rai kowa zai koma kan tarkacensa, a dawo maganar rumfa, ni kuma in koma aikin gidan waya. Ki ce kina tunani. Idan suka sake kira, ki ce har yanzu kina tunani. Na san za ki iya, ni da na sha raka ki zaɓen atamfa. Ni kuma zan ci gaba da zama muguwar gidan, matsayin da na lura ya dace da ni fiye da yadda na zata. Gasar dai na ɗage ta har sai abin da hali ya yi. Tela ne kaɗai ya gama tasa, da galan ɗin mai da ƙafar kujera, kuma kukanta sak na kekensa na ɗinki. Kullum sai ya tare ni a hanya yana neman tafinsa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaro, da 'Yar Baba, da takwarata mai surutu, ki ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi alkawari. Inna tana gaishe ku da addu'a. Maigidana yana gaisuwa, yatsunsa sun rabu. Kawu ya ce in gaya miki katako irin wannan zunubi ne a bar shi yana tare iska kawai. Na isar da saƙo.

Waɗannan layukan na ƙarshe a tsaye nake rubuta su, takardar tana jingine da ƙyauren. Kawu ya tafi neman ruwa, ba kowa a barandar, sai na ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Ya yi amo, Yaya, mai daɗi ƙwarai, kuma wannan maganar ta tsaya tsakaninmu. Na jawo shi na rufe, na murza makulli, na jefa a jaka tare da sukundireban Auta da na tsinta a kan taga. Yanzu sai in wuce gidana.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Farfesa