Fim ɗin da ya fara da ƙurunƙus

Ƙofar Ran, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya tsare ku da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan alhamdu lillahi, in ban da gwiwata da ke yi mini gardama a kowace raka'a. Mahaifiyarka Habibatu tana ci tana sha, mantuwar ce dai tana nan yadda ka bar ta bara. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ita kuwa takarda ba a katse ta.

'Yarka Lailatu ta zo mini ido jajur. Ta ce ka kalli fim ɗin da ta haɗa a kan kakarta, na kammala karatunta, ka ce shirme ne, ƙarshe a farko, farko a tsakiya, abu ɗaya ana maimaita shi har sau uku. Wai ka ce ko ta jera shi daga ƙuruciya zuwa tsufa, ko kada a nuna shi ko'ina. To, na ce mata kada ta taɓa ko daƙiƙa ɗaya. 'Yarka ce, ban musa ba, amma Habibatu ƙanwata ce tun ba a san za a yi ka ba, kuma ɗakinta ke kallon nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni da ita tatsuniya ce ta rene mu a rugar kakarmu, kuma ita ta gaji bakin, ni surutun kawai na samu. Ko yaye bai isa ba yaro ya san da ga ta nan ga ta nanku ake buɗe tatsuniya, a rufe da ƙurunƙus. Yanzu uwarka sai ta zauna da hantsi, ta dube ni ta ce ƙurunƙus, ta ba ni tsakiyar labarin, ta tambaya ko an tatsi saniyar da muka sayar shekara arba'in da suka wuce, can kuma ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku. Haka yininta yake. Lailatu ba ta hargitsa komai ba, bin sawun kakarta ta yi. In ta jera shi yadda kake so, za a ga tsohuwa mai mantuwa, a ce Allah sarki, a tashi. A yadda yake kuwa, mai kallon ne ke ɓacewa.

Mun gwada shi a zaure ranar Asabar bayan la'asar. Mudathir tela ya fusata, ya ce na'urar ce ta lalace, ya rasa ko mijin Habibatu na da rai ko ya rasu, don an nuna makokinsa sannan ga ta tana zuba masa fura. Na ce masa shi minti ashirin ya yi a ciki har yana neman takalminsa, ita shekara uku ke nan. Sai ya koma ya zauna. Maƙwabciyarmu Roda, wadda ta yi jinyar mijinta Zakka a kan irin wannan ciwo, ta goge ido ta ce ta gaji da yi wa dangi bayani ba su gane ba, da ma wannan ta nuna musu. Gani ya kori ji.

Sai batun abin da aka maimaita sau uku. Ina jin haushi ne ya toshe maka kunne, koma ka saurara. Sunanka take kira. Kai ɗan fari ne, shekara hamsin da biyu ba ta taɓa furta shi ba, sai dai ta ce yaron nan. Mantuwa ta cinye kunyar, ta bar sunan. Na san abin da ya kore ka, bara ta dube ka ta tambaye ka ɗan gidan wa ne. Ai ba mai furfura take nema ba, yaron take nema, kuma kullum tana nemansa. Wannan kake so a rage ya koma sau ɗaya? Ba da raina ba.

Ƙarshen watan nan za a nuna shi a makarantarsu, ni ne a layin gaba da gwiwata da komai. Na sa a ajiye kujera kusa da ni. Ka gaishe mini da matarka Juwairiyya, ka ce wa Mahfuz kakansa na nan yana jiran ya zo su yi kokawa. Roda da Mudathir suna gaishe ka. Ka zo gida. In uwarka ta tare ka da ƙurunƙus kada ka tashi, ka ɗan ƙara zama, farkon yana tafe.

Wassalam. Ni ne kawunka,
Babayo