Sallamata Tana Rataye A Bangon Alhaji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ki cikin rahamarSa. Da kina raye ma ba da kanki za ki karanta ba, sai an kira miki ɗan makwabta. Duk da haka ke nake so ki fara ji.

Ranar Asabar da safe na fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Belleville, na tarar da butik, wato shagonmu, a buɗe, alhali kullum ni ke buɗewa. Ubangidana Alhaji Issufu yana tsaye bisa kujera da guduma, yana buga ƙusa a bango. An ture dilolin shadda gefe, an shimfiɗa darduma, ga goro da dabino a faranti, ga dattawa zaune. Na ɗauka haihuwa aka yi wa wani. Sai na ga abin da yake ratayawa: takardata ce ta lakkol, shaidar makaranta, an saka ta cikin gilashi.

Kin tuna ranar da kika damƙa ni gare shi a Maradi? Kika ce, “Ka yi masa haƙuri har ya sallame ka da hannunsa.” Kowa ya san sallama: yaro ya yi wa ubangida bauta, in lokaci ya yi a tara mutane, a ba shi jari, ya tsaya da ƙafarsa. Don wannan rana na ɗauki kaya daga Stains, inda muke kwana, zuwa Belleville duk shekarun nan, ban taɓa tambayar yaushe ba.

Bara na ga sanarwa a wata cibiyar koyon sana'a ta Bobigny: karatun kasuwanci na wata shida, da yamma, har da masu guntun ilmi irina. Kuɗin ya fi ƙarfina. Na shaida wa Alhaji ina sunkuyar da kai, ya biya bai ko yi ciniki ba. Ban tambaye shi kyauta ce, ko daga rabona ya cire ba. Inna, wa ke yi wa ubangida wannan tambaya?

Ba zan ce ban koyi komai ba. Na iya rubuta faktir, wato takardar ciniki. Na iya cika takardun duwan, wato kwastan, kayanmu sun daina kwana a hannun ma'aikata. Malamarmu ba ta taɓa dariyar Faransancina ba. Ranar da na fara gane inda riba ke zurarewa, ji na yi kamar an buɗe mini taga.

Amma taga ba ƙofa ba ce. Da Alhaji ya aike ni Lyon ɗaukar leshi wurin wata Madam da muke saye a hannunta, na tafi da takardar cikin rigata. Ta karanta da mutunci, ta ce wannan shaida ce cewa na halarci karatu, su a ofis sai mai difloma ta shekara biyu. In ina so, akwai wuri a sito, ɗaukar kaya. A jirgin dawowa na zauna ina kallon gonakinsu, takardar na kan cinyata, ban san ko in ninke ta ba.

Shi kuwa Alhaji ya daina kai lissafinsa wurin Baturen da yake biya duk wata. Ni ke yi, bayan na gama sauke kaya.

To, a safiyar Asabar ɗin nan, da ya sauko daga kujera, ya ce wa dattawan wasu kan sallami yaransu da shadda, shadda kuwa tana ƙarewa, shi ilmi ya ba nasa. Ya ce, “Ku shaida, na sallami Laminu.” Aka shafa fatiha. Duk idanu suka juyo kaina.

Na durƙusa na ce na gode. Ke kika koya mini, kuma ban san wata kalmar da ake faɗi a wurin ba.

Yanzu ni sallamamme ne, amma Litinin ni na buɗe butik. Katin zamana a ƙasar nan da aikin Alhaji yake ɗaure. Gida kuwa, da me zan shiga kasuwar Maradi? Samarin gidanmu na Stains suna tambayata ko karatun ya ci kuɗinsa. Nakan ce karatun gaskiya ne, amma kafin ka zauna a aji ka san wa ya biya, kuma a madadin me. Ni na saye shi da duk abin da nake jira.

Kullum ina lissafi a ƙarƙashin takardar da ya rataya. Wani lokaci fuskata nake gani a gilashin.

Inna, na yi haƙurin, har ya sallame ni da hannunsa. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya buɗe mini ƙofar da ba ta bi ta hannun kowa ba.

Ba a ɓoye aka yi ba. Malam Harouna limaminmu yana wurin, da Alhaji Sani mai turare, da Mamman Tela. Shi Mamman ne kaɗai bai ɗauki goro ba.

Ɗanki mai kewarki,
Laminu