Littafin Fararen Ɓeraye

Jibiya, 14 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ɗiyata Na'ima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ƴan biyunki. Allah Ya sauƙaƙa maki sanyin ƙasar nan da kike karatu, Ya sa ki gama lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar innarki Maimuna ta yi sauƙi, ni kuma ina nan a kan tebur ɗina bakin iyaka, ina cika wa direbobin Maraɗi takardun duwan, wato kwastan. Kin bar mani saƙon murya har uku ban amsa ba. Ba ƙin ki na yi ba. A watan nan ne nake cika shekara talatin da korata daga aiki, kuma shekara talatin ke nan ban sa hannu a kwano ɗaya da mahaifinki Maharazu ba. Abin da kika tambaya ya taɓo duka biyun.

Kin ce bincikenki a kan yadda maganin sa barci ke canza kamun mura a jikin ɓeraye ne, kuma kin ji ina da wani littafi. Bari in faɗa maki yadda aka yi. A cibiyar binciken da na yi aiki, mu biyu ne ke ɗiga wa fararen ɓeraye ƙwayar cutar mura a hanci, ni da wani abokin aikina Abbas. Shi kan damƙe ɓera a ƙeya ya ɗiga masa yana farke, yana mutsu-mutsu. Ni na kasa. Kakanki mahauci ne, kuma bai taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba. Ya taɓa marina don na ja tunkiya da ƙafa zuwa wurin yanka. Saboda haka sai in jiƙa auduga da maganin sa barci, in jefa a kwalba, in sa ɓeran ciki har ya yi laushi, sannan in ɗiga masa. Ban ga laifi a ciki ba, shi ya sa ban gaya wa kowa ba.

Ɓerayen Abbas sukan yi atishawa kwana biyu su warware. Nawa kuwa, kafin mako sun rame, gashinsu ya tashi, sun taru a kusurwar keji suna numfashi da ƙyar, sannan su mutu. Shugaban sashenmu ya ce ko dai na cika masu ƙwayar cutar, ko hannuna ba shi da tsabta. Na yanka matattun na duba huhunsu, na same shi ja wur ya kumbura. A nan na gane cewa ɓeran da ke farke yana fyace ruwan, cutar ta tsaya a hanci, amma mai barci yana zuƙe shi har ƙasan huhu. Wato tausayina ne ya kashe su. Na roƙi a ba ni ɓeraye in tabbatar, shugaban ya ce ba a ɗauke ni aiki don in yi tunani ba. Sai na ɗauki ashirin ba da izini ba, goma a farke, goma a barci, ɗigo iri ɗaya. Tara cikin masu barcin suka mutu, cikin na farke ko ɗaya. Na rubuta komai a wani littafi mai baƙin bango, na kai masa ina murna. Bai buɗe ba. Takardar sallamata ta ce na yi ɓarna da dabbobin gwaji.

Da na dawo gida, a zauren kakanki, gaban mutane, mahaifinki ya yi dariya ya ce, "Ga wanda ya yi boko shekara goma sha bakwai, ɓera ya kore shi." Ƙanena ne, ni na koya masa haɗa baƙi. Kafin kasuwa ta sake ci, sunana ya koma Malam Ɓera, kuma har yau haka ƴan acaɓa ke kirana daga nan har Magama.

Yanzu kin ce abin da na gani sananne ne a wurinku, har malamarki tana so ta ga littafin ki ambaci sunana a aikinki. Kin kuma ce mahaifinki ne ya aike ki gare ni, wai ya ce baffanki ya san wannan tun kafin a haife ki. Na maimaita wurin nan ya fi sau goma. Tsakanin gidansa da nawa katanga huɗu ce, Na'ima. Bai taɓa tako su ya faɗa mani ba, ni ma ban taɓa ba shi fuskar da zai faɗa ba.

Bara, lokacin da aka rufe iyaka aiki ya tsaya, na buɗe akwatina na ga littafin. Na ji haushinsa kamar shi ya cuce ni. Na kai wa Rahama mai ƙosai da ke kusa da teburina. Ta tambaye ni ko ba abin amfani ba ne, na ce ba ya amfanar kowa. Washegari ta ƙunsa mani ƙosai a shafin da na zana huhu, mai ya ratsa rubutun. Na cinye, na yar da takardar.

Ki gaishe da maigidanki Badaruddeen da ƴan biyu. Maimuna da ɗiyarmu Sakinatu suna gaishe ki. In kin yi waya da mahaifinki, ki ce yayansa ya ji saƙonsa.

Ki ba malamarki haƙuri. Littafin shafi casa'in da shida ne, kuma Rahama ta ce kwana huɗu ya yi mata.

Baffanki,
Zubairu