Mutumin da Ba Ya Komai

Obiagu, Enugu
Litinin

Zuwa ga maigida Shafi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Potiskum, yaya kasuwar shanu? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san ƙungiyar mahauta ta ba ni aikin zana tsarin aikinsu, tun daga sauke shanu har rabon nama, saboda otal ɗin da zai riƙa sayen namansu ya nema. Na bi kowa na tambaye shi aikinsa, na zuba amsoshin cikin manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira don ta fitar da zanen. Da na zo kan Baba, mahaifinka, sai ya ce shi ba ya komai, zama kawai yake a bakin zango. Ni kuma, don sakarci, na rubuta mata haka. Ai kuwa ta yarda! Ta fitar da zane tsaf, babu shi, har da shawarar a soke gurbinsa. Shugaban ƙungiyar, Idi, ya gani, ya ce ranar Juma'a za su zauna a kai.

Shafi'u, surukina zan kora da hannuna? Na koma na roƙe shi ya faɗa mini gaskiya, ya ce in bar wahalar da kaina. Wallahi kawaicin gidanku ya ishe ni.

Taka,
Munira

Alhamis

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙanwarka Hajo?

Na yi kwana biyu ina faɗa da manhajar. Na ce mata dattijo ne mai daraja, ta yaba masa, ta sake cire shi. Kamar in jefa kwamfutar a kwata! Daga baya na gane laifin tambayata ne. Na koma wajen mahauta, ban ce mene ne aikinku ba, na ce wa kuke jira kafin ku sa wuƙa. Su goma sha ɗaya, duk Baba. Shi ke duba idon saniya in ta sauko daga tirela, ya nuna wannan ta huta, wannan a kira likita. Ko baki ba ya buɗewa, kai yake kaɗawa.

Na ba manhajar wannan. Yanzu duk kibiyoyin zanen ta kan Baba suke bi, Idi ma ya ce an fasa zaman.

Na kai wa Baba takardar ina murna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in gaya wa Idi wannan mutumin na tsakiya aiki ya yi masa yawa, a samo masa mataimaki. Ka dawo ka gaya masa ko wane ne, ni na gaji.

Matarka,
Munira