Akwatin da Nake Jin Muryarka

Zuwa ga yayan Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina gaishe ka, ina gaishe ka da aiki, da fatan wannan takarda za ta same ka kai da iyalinka cikin ƙoshin lafiya a can kudu. Mu nan duk lafiya, in ka cire ƙuguna.

Ƙugun ma ni na jawo masa. Ranar Talata da hantsi iska ta karkatar da gorar nan da na ɗaure a kan rumbu, na ɗauko tsani zan gyara. Innarku ta ce in bari a kira wani, na ce mata ni da rumbun nan mun san juna tun kafin a kawo ta gidan. Ina taka jinka, ta buɗe baki ta haɗiye ni. Da shekarun baya ne da a kan damin gero zan sauka, in miƙe in karkaɗe riga. To ka san yadda ake ciki, taki ya fi ƙarfinmu shekara da shekaru, abin da ke cikin rumbun bai isa ya tare faɗuwar kaza ba. Ƙasa na tarar, ita kuma ba ta yi mini kara ba.

Kafin maƙwabta su zo da igiyar guga na daɗe a kwance rigingine. Sama ta koma 'yar ƙarama kamar faifai. Gajimare ya zo ya leƙa ni ya wuce, wata shirwa ta gifta, muryoyin gidan suka yi nisa kamar daga wani gari ake yin su. Ban ji tsoro ba, wani irin sanyi ma na ji. Na ce a raina, ashe haka duniya take ga waɗanda kake sauka ka ɗauko. A nan na ƙudura in rubuto maka. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka ni na rubuta, Binta ta gyara, ita ce kuma za ta sa inda za ka gani. Ta ce wasu ma za su karanta. Na ce su karanta, wanda aka ciro daga rumbu a gaban matan unguwa ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Ka sha tambayata gorar nan ta mece ce, nakan ce maka ta jin labaran duniya ce. Ƙarya nake yi. Ko kuma in ce rabin gaskiya, don duniyar tawa ba ta wuce mutum ɗaya ba.

Ka tuna daminar da ka tafi aikin kwana-kwana. Gero ya kai gwiwa, ga noma na biyu a gaba, ka zo ka durƙusa ka ce an ɗauke ka. Na san gonar ba za ta riƙe mu duka ba, na san tafiyarka ce za ta sa tukunya ta ci gaba da hawa murhu. Amma da na fita majalisa aka tambaye ni, sai bakin nan nawa ya riga hankalina. Na ce na haifi manomi ya tafi birni ban-ruwa, sai dai shi wuta yake shayarwa. Aka yi ta dariya, na ji daɗi. Maganar ta riga ka isa tasha.

Bayan wata biyu na je Minjibir ranar kasuwa. A rumfar wani mai gyaran rediyo na ga wani tsohon akwati baƙi, kusurwarsa a fashe, an ɗaure shi da roba. Na ce ya sa mini waƙa in ji. Ya ce wannan ba ya waƙa, farauta yake yi. Ya jona masa batir, wasu jajayen lambobi suka shiga gudu a 'yar tagarsa, can sai suka tsaya cak, wani mutum ya yi magana a kan wata mota da ta kife, ya ce oba, wato ya gama, lambobin suka ci gaba da gudu. Mai gyaran ya ce a wajen 'yan gwangwan ya samo shi, yana kamo masu motar asibiti da 'yan kwana-kwana in an ɗaga masa waya sama sosai. Ya ce aibinsa ɗaya, ji kawai yake yi, ba ya mayar da magana. Na ce ai kuwa ya zo gidansu. Zabi biyu na ba shi, na gaya wa innarku muzuru ne ya ɗauke su.

Na ɗaure wayarsa a jikin gora, na kafa ta a kan rumbu. Tun daga nan, in na dawo gona bayan azahar, sai in shimfiɗa buzu a inuwar rumbu, in jona shi da tsohon batirin babur. Yawanci ba a cewa komai. Sai wani shuuu kamar ana ruwa a gonar wani can nesa. In lumshe ido, in ji birnin yana zuwa mini gutsure-gutsure: unguwannin da ban taɓa takawa ba, wata mai naƙuda a hanyar asibiti, shagon katifa ya kama, saniya ta faɗa kwalbati. Nakan gina titunan a kaina yadda na ga dama, in dasa musu itatuwan da babu, in sa jar motarku tana ratsa su ba ta taɓa ƙasa. Wani lokaci barci ya ɗauke ni, in ga motar ta biyo ta tsakanin kunyoyin dawa ba ta karya ko kara ɗaya ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi kafin in ji ka. Kalma biyar ka faɗa, ba ta fi ba, kana sanar da cewa kun isa. Amma ka yi wannan gyaran muryar da kake yi kafin ka yi magana, irin na kawunka. A ranar na gane abokan aikinka Manomi suke ce maka. Ka ji fa. Ni na tsige maka sunan a majalisa, su suka mayar maka.

Innarku ba ta taɓa tambayar mene ne a cikin akwatin ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari, ta fi ni ma, ko sunan mai irin sunanka ba ta kamawa. Sai dai turminta da ya shekara ashirin a bakin madafa ya tashi da kansa ya dawo kusa da rumbu. Wai can rana ta yi yawa. In lambobin suka tsaya, taɓarya ta tsaya. In ba kai ba ne, ta ci gaba da daka. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba, haka muka yi shekara huɗu muna satar ɗanmu a gaban juna.

In za ka zo gida kuwa, sai in cusa akwatin cikin buhun ƙaiƙayi.

Akwai wata Laraba da kaka, bayan la'asar. Aka kira ku wajen Rijiyar Zaki, wani magini ya zame ya faɗa tsohuwar rijiya, ƙasa ta biyo shi. Na ji babbanku yana cewa bakin ya yi ƙunci, sai marar jiki. Na ji an ce Manomi zai sauka. Daga nan sai shuuu.

Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar rumbu dai ta tashi daga ƙafata ta kai bakin zaure. Jajayen lambobin suka fara dusashewa, batir yana mutuwa, na rungume shi a ƙirji kamar ɗumin jikina zai ƙara masa wani abu. Innarku tana tsaye da taɓarya a sama, ta manta ta sauke. Kaji suka zo suka ci tsakin da ke turmin, ba wanda ya kore su. Ni da ko a makabarta sai na nemo abin dariya, na laluba cikina kaf ban samu ko ɗaya ba.

Can sai ga gyaran muryar nan. Kana haki ka ce, “Mun fito da shi, yana numfashi.” Akwatin ya ɗauke a kan wannan kalmar. Innarku ta sauke taɓarya ta shige ɗaki. Ni kuma na ce wa duk wanda ya gan ni barkono ake soyawa a maƙwabta.

Ranar Asabar ka zo gida. Ka durƙusa ka gaishe ni, na ga tafin hannunka igiya ta saɓule shi, na ga yadda kake zama a karkace. Ka ɗan jira. Na san abin da kake jira, yana nan a bakina, har ya taɓa haƙori. Sai na ce, yaya ban-ruwa, wutar ta yi yabanya? Ka yi murmushi don ladabi, ka tashi.

Wannan zaman shi nake ta komawa kansa a raina. Da ka samu aikin kudu ka zo sallama, ina gyaran ƙotar fartanya na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago ba. Shekara uku ke nan. Saƙonka yana zuwa, kai ba ka zuwa. In ka bugo waya nakan miƙa wa Binta in ce hannuna da ƙasa. Ita ce ta gaya mini abin da ka ce, wai Baba bai taɓa ɗaukar aikinka aiki ba, gara ka yi nesa kada ka riƙa ba shi kunya. Kunya kam akwai ta, amma ba irin wadda kake zato ba ce. Haka na ga ubana ya yi da yayanmu, na ɗauka haka ake son ɗa. Shi dai ubana bai haɗa da tsokana ba, wannan ƙarin nawa ne.

Za ka ce to me ya kai ni kan rumbu, tunda kudu ta fi ƙarfin gora. Nakan kunna akwatin har yanzu. Akwai sababbin muryoyi, yara ne, suna da gaggawa. Nakan yi musu addu'a, don na san kowannensu akwai wani tsoho a wani ƙauye da bai iya magana ba. Wani lokaci kuma in iska ta kwanta, shuuu ɗin nan yakan ɗan sarƙe, kamar wani zai gyara murya. Turmin innarku yana nan inda yake.

Allah ya tsare ka daga wuta da ruwa da ƙasa mai zabtarewa. Allah ya sa duk igiyar da za ka kama ta riƙe ka. Yadda kake fito da 'ya'yan mutane, Allah ya fito da kai daga kowane ƙunci, duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka. Wannan ba wasa a ciki.

Saura abu ɗaya. Shekara talatin da huɗu ina ce maka kai, ko wancan, ko yayan Binta. Ni na raɗa maka suna a kunne ranar da aka haife ka, ban ƙara faɗarsa ba. Ga shi zan rubuta, Binta ta juya baya: Isiyaku.

Alƙalami ya biya nasa bashin. Na baki yana nan a kaina, shi kuma ba ya biyuwa ta waya ko ta takarda, sai mai shi yana tsaye a tsakar gida. Ka zo kafin a yanke dawa. Ina ta gwada faɗar sunan a gona in ba kowa, ya fara fita.

Ni ne mahaifinka,
mai ciwon ƙugu, a gindin rumbu.