Jan Biro a Babin Ƙarshe

Maman yara,

Ni da Gimbiya mun wuce makaranta, ba mu jira dawowarki daga rigakafin jariri ba. Kafin ki taɓa takardunki, zauna tukuna ki sha ruwa.

Na manta jan birona a kan tebur, kusa da babin ƙarshe na labarinki, wanda za ki kai wa mai buga miki yau. Ina can ina guga, Gimbiya ta same su. Shafi goma sha ɗaya ta duba, yadda take ganin ina yi wa ɗalibai. Duk inda kika soke layi ta zagaye shi. A ƙasa ta ba ki biyu bisa goma, ta rubuta "A sake."

Na ce, "Gimbiya, littafi ne fa Mama take rubutawa."

Ta ce, "Baba, da wannan rubutun kamar tonon kaji? Biyun ma don uwata ce."

Ki yi haƙuri, laifina ne. Na bi shafi-shafi, komai yana karantuwa, ban da na bakwai, inda ta zana fuska mai kuka. Na kwafe shi da hannuna, yana ƙarƙashin kofin shayinki.

Don Allah kada ki yi mata faɗa. Na zaunar da ita na yi mata bayani a hankali, cewa wata takwas ke nan kina tashi da asuba kan wannan aikin. Abin da ta gane shi ne, an ba ki aikin gida tun wata takwas ba ki gama ba. Ta ce ba ke ba kallon talabijin sai kin miƙa shi.

Baban yara