Aibin da Na Rufa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Kin san aikina, tsokanar manhaja har ta nuna aibinta, kamar yadda nake kwance rediyon Baba. Na gano in ka juya waya kana cikin rubutu, komai gogewa yake. Na nuna wa wanda ya rubuta wannan wurin na manhajar, abokin teburina, wanda nake yawan ba Inna labarin kirkinsa. Ya ce, "Ki rufa min asiri, gobe zan gyara." Na rufa. Da ƙorafi ya taso, a gaban oga ya ce ban gwada wurin ba.

Kada ki faɗa wa Inna. Har yanzu tana sa abokin teburin nawa a addu'a.

Ƙanwarki.